Ƙeyar Jirgin Si Shazli

Injin ɗaga kaya na riƙe da jirgin a sama, ruwa da gansakuka na zuba daga cikinsa, lokacin da Si Shazli ya buga sandarsa a ƙasa ya ce zai canza masa suna.

Mu da ke zaune a rumfar kulob duk muka ɗago kai. Si Lutfi, amininsa na shekara hamsin, ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

"Me ka ce, Shazli? Ƙarar injin nan ta toshe min kunne."

"Ka ji ni sarai. Kunnenka ba ya toshewa sai an zo batun wanke kofuna."

"Wane suna?"

"Dalanda."

Mai sunan tana ƙarƙashin jirgin a lokacin, da tiyo a hannu, ta naɗe hannun riga, tana wanke masa ciki. Ta kashe ruwan. Ba ta juyo ba.

Sunan jirgin Nizar, kuma duk garinmu na Binzart an san shi. Jirgin katako ne mai zanen da iska ke turawa, irin na da, fari da shuɗin baki, ya girmi rabin 'yan kulob ɗin. Nizar na gaskiya, mai ƙafa biyu, ɗan Si Shazli ne, likitan haƙori a Kanada. Sau ɗaya ya taɓa hawa jirgin, yana ɗan shekara tara, kuma kafin a fita daga mashigin tasha ya amayar da har abincin jiya. Tun daga ranar ko wanka a teku ba ya yi. Yayarsa Dalanda ce ta taso a kan katakon nan. Ita ke ɗinke zane idan ya yage, ita ke hawa sandar tsakiya idan igiya ta sarƙe, ita ta san inda jirgin ke shan ruwa da inda yake taurin kai. Sau uku tana cin tseren da ake yi duk bazara zuwa Tabarka, kuma sau ukun mai sanarwa ya ɗaga murya ya ce Nizar ne ya zo na ɗaya. Tana tafawa tare da kowa. Amma ni da na san ta tun tana yawo da ƙafa ba takalmi a wannan tasha, na san abin yana ci mata rai, kuma na san babu abin da take so a duniya kamar ta ga sunanta a ƙeyar jirgin nan. Ba ta taɓa faɗa ba, don ba ta roƙo.

"Ba a canza wa jirgi suna, Baba," in ji ta.

"Ke da ke koyar da kimiyya?"

"A aji nake koyarwa. Nan ba aji ba ne."

Gaskiyarta, kuma duk haka muke. Likitoci ne da lauyoyi da malamai a cikinmu, mutanen da a kan tudu za su yi maka dariya idan ka ce camfi. Amma da zarar ƙafa ta taka jirgi, ba mai yin fito, ba mai ambaton dabbar nan mai dogon kunne da sunanta, kuma kowa na da kwandala a ƙarƙashin sandar jirginsa da ɗan kifin azurfa a rataye saboda baki. Mafi girman dokokin ita ce ta suna. Farin sawun da jirgi ke bari a bayansa maciji ne, ana haihuwarsa ranar da aka raɗa wa jirgin suna, kuma sunan nan kaɗai ya sani. Idan ka canza ba tare da ka kashe shi ba, zai ci gaba da binka yana neman jirginsa, ranar da ya gane an yaudare shi kuwa sai ta Allah. Daga Faransawa muka gaji wannan, tare da injin ɗaga kayan nan mai tsatsa. Limamin unguwa ya sha faɗa mana shirme ne, mu kuma mun sha amsa masa da cewa gaskiya ne, Allah Ya gafarta malam.

Si Shazli ya matso kusa da 'yarsa. Shekararsa saba'in da takwas, kuma a watan da ya wuce likitan zuciya ya raba shi da teku.

"An gama takardu, jirgin naki ne," ya ce. "Ba zan bar miki shi da sunan wani a ƙeyarsa ba."

"Wanin nan ƙanena ne."

"Ƙanenki da ko anga bai san yadda ake jefawa ba."

"Kai ka sa masa sunan, ba ni ba."

Ta kunna ruwan ta ci gaba da wanki.

Kwana uku ba ta sake tayar da zancen ba. A rana ta huɗu ta shigo rumfar kulob da yamma daga makaranta, jakarta cike da takardun jarrabawa, ta tsaya a kan mahaifinta yana wasan karta.

"Na yarda. Amma komai bisa ƙa'ida. Ba tsallake ko ɗaya."

"Yadda kika ce, 'yata."

"Kawu Lutfi, kai za ka yanka."

Si Lutfi ya dafa ƙirji. Haka ake kashe macijin: a fita teku, a zuba masa abin sha a bayan jirgi har ya yi maye, sannan jirgin amini ya gitta sawun sau uku, daf da ƙeya, kusa da kan. Idan mai gittawar ya yi nisa, wutsiya kawai ya yanke. Idan ya matso fiye da kima, jirage biyu ne za su koma wajen kafinta. Shi ya sa ba kowa ake ba wannan aikin ba, kuma Si Lutfi ya yi sati yana tafiya a tasha kamar an naɗa shi sarauta.

Suka kira Nizar a waya don a fita hakkinsa. Ya yi dariya har ana jiyowa daga teburin da ke gefe.

"Yaya, ku sa masa sunan kyanwa ma. Ni da ma kunya nake ji idan an tambaye ni labarin jirgina."

Daga nan ta shiga farautar sunan. Dole ne kada ya rage ko'ina a cikin jirgi. Ta cire tayar ceto, ta cire littafin tafiya mai shekara da shekaru, ta cire mariƙin makulli da allon da ke bakin ƙofa. Ta bi cokula ɗaya bayan ɗaya, saboda Si Shazli ya taɓa sa maƙeri ya zana musu sunan. A can ƙasan akwati ta tarar da tawul ɗin da mahaifiyarta marigayiya ta yi wa ado da shuɗin zare. Wannan ta daɗe riƙe da shi kafin ta ninke ta sa a jakarta ta kai gida.

A rumfa kuwa rigima ta kaure a kan abin da za a shayar da macijin. Tsofaffin hannu suka ce buha, giyar ɓaure, kamar yadda aka saba. Waɗanda suka je Makka suka ce ba da su ba.

"Macijin nan shekara nawa yana jin kiran salla daga tsohuwar tasha?" in ji Si Lutfi. "Ai ya musulunta tuntuni. A ba shi ruwan furen lemo."

"Ruwan furen lemo zai sa shi maye?"

"A cika masa sukari. Ni ma idan na sha na matata barci nake yi."

Aka tsaya a kan ruwan furen lemo, amma na ga wanda ya ɓoye 'yar kwalba a aljihu saboda ko ta kwana. Aka sa Lahadi. Aka yi maganar rago da kuskus.

Saura ƙeya. A nan ne Si Shazli ya fara abin da ba mu gane ba. Tun da muka san shi, duk shekara Dalanda ke yi wa jirgin fenti daga goshi har ciki, amma ƙeyar shi ke yi da kansa, ba ya bari kowa ya taɓa. Ranar Juma'a sai ga shi da mai fenti, da gwangwani biyu na fari.

"A shafe tsohon, a rubuta sabo a kai. Aikin awa biyu ne."

"A kai?" in ji Dalanda. "Baba, yau ka fara hawa jirgi? Sai an kankare har katako."

"Katakon ya tsufa, za ki ji masa ciwo."

"Na san katakon nan fiye da tafin hannuna."

"Fenti uku za a yi. Ko aljani ba zai karanta ba."

"Sunan da aka binne a ƙarƙashin fenti yana nan da ransa. Kai ka koya min haka."

Ya dubi Si Lutfi. Si Lutfi ya dubi takalminsa. Ni dai na ɗauka tsufa ne da rowar aiki, irin ta mutumin da ake karɓe masa abu na ƙarshe da ya rage a hannunsa. Na ji tausayinsa ma. Ya sallami mai fentin, ya tafi gida ko sallama bai yi mana ba.

Da safiyar Asabar ta kafa tsani a bayan jirgin, ta hau da wuƙar kankara da samfefa. Ina zaune a kan wani tulin igiya ina cin lablabi, dafaffen wake mai yaji, a cikin burodi, Si Lutfi na gefe yana yi kamar yana gyaran wata fitila. Shuɗin sunan Nizar ya fita cikin sauƙi. A ƙarƙashinsa akwai wani Nizar ɗin, a ƙarƙashin wannan ma wani, shekara bisa shekara, fentin na zubowa a gashinta da kafaɗunta. Wajen hantsi ta kai ga katako a gefen dama. Sai ta daina kankara.

Akwai wani abu fari mai tauri a cikin katakon, an cike wani rami da shi, ramin kuma ba na tsutsa ba ne. An sassaƙa shi ne da kurfi, da hannu, a lanƙwashe. Ta shafa da yatsa. Ta ɗauki samfefa ta bi gefensa a hankali. Harafin dal ne na Larabci. Ta matsa hagu, ta goge, lam ya fito. Daga nan hannunta ya yi sauri, ba ta ko tsayawa share gumi, har haruffa biyar suka bayyana farare a jikin jan katako, manya, daga wannan gefe zuwa wancan.

Dalanda.

Na ajiye burodina. Can sai ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Kawu Lutfi."

"Na'am, 'yata."

"Ka sani?"

"Ga babanki nan zuwa. Shi ya kamata ki tambaya."

Yana tahowa ne ta bakin tasha, sanye da farar riga da hular rana, yana dogara sanda. Daga nesa ya hango. Ya ɗan tsaya, na yi zaton zai juya. Bai juya ba. Ya ƙaraso har gindin tsanin, ya ɗaga kai ya dubi rubutun, ya daɗe yana dubawa.

"Ban ɗauka zai fito da kyau haka ba," ya ce.

"Wa ya sassaƙa?"

"Ni. A Tabarka, satin da aka haife ki. Kurfin ma aro na yi a wajen wani kafinta. Kwana huɗu na yi a kansa, kin ga nun ɗin ya ɗan karkace."

"Wa ya cike?"

"Ni."

Ta sauko mataki biyu ta zauna a kan tsanin, wuƙar a cinyarta. Fuskarta duk farin ƙura.

"Shekara nawa ya yi da sunana?"

"Uku. Har aka haifi Nizar. Kakanki ya zo suna, na kai shi ya ga jirgi. Ya tsaya a gaban mutane ya ce, yanzu da ka sami magaji, har yanzu sunan mace ne a jirginka? Aka yi dariya." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ba zan ɗora wa mamaci ba. Ba wanda ya riƙe min hannu. Ni ma a lokacin na so hakan. Mahaifiyarki ta yi wata guda ba ta yi min magana ba. Da muka dawo Binzart ba wanda ya san tsohon sunan sai Lutfi."

"Ni kuma an rantsar da ni," in ji Si Lutfi.

"Ban tambaye ka ba, Kawu."

"To."

Na taɓa ganin Dalanda a cikin hadarin da ya karya wa jirage biyu sanda, ko gezau ba ta yi ba. Ranar nan leɓenta na rawa. Na ji haushin Si Shazli, mutumin da nake girmamawa tun ina saurayi, na kuma ji kunyar kaina, don ni ma na sha tafa wa Nizar a ranar tsere ina kallon ta.

"Da ka shafe da fenti jiya," ta ce, "da shi ke nan. In yi ta godiya an yi min kyauta."

"Haka na so."

"Kyautar abin da yake nawa."

"Haka ne."

Ta share fuska da bayan hannu. Sai kuma wani tunani ya faɗo mata, na ga idonta ya canza, matuƙiyar jirgi ta dawo.

"Tsaya. Da ka canza, kun yanka sawun?"

Si Lutfi ya yi caraf. "Na ce masa mu yanka! Wallahi na ce masa. Har jirgi na aro, har kwalba na saya. Muka fita, na jera, na taho zan gitta, sai mutumin nan ya karkatar da sitiyari ya gudu. Sau biyu. Na bi shi ina ihu kamar mahaukaci."

"Ba ku yanka ba?"

"Ko ƙwarzane."

"Baba! Shekara arba'in da ɗaya ina yawo a teku da macijin da ba a kashe ba? Na kai jirgin nan har Siciliya! Na ɗauki ɗalibaina a cikinsa!"

"Ban iya ba," in ji Si Shazli.

"Me ne ne ba ka iya ba? Riƙe sitiyari a miƙe?"

"Cike rubutu daban, 'yata. Ana iya tonewa. Amma in tsaya ina kallo a yanka abin da aka haifa da sunanki, wannan ban iya ba."

Ta dube shi.

Kafin azahar labari ya zaga tasha, rumfa ta cika, kowa ya zama masani. Wasu suka ce a yanka sau shida, uku na da, uku na yanzu. Wani lauya ya ce ai macizai biyu ne, sai an tantance wanne ne wanne. Si Lutfi ya bari suka gaji, sannan ya miƙe ya yanke hukunci, kuma na yaba masa, don shi ne mai asara a ciki.

"Ba abin da za a yanka. Maciji ɗaya ne, tun na Tabarka, kuma suna ɗaya ya sani. Ba canza suna ake yi ba a nan. Ku mayar da ragonku."

Ba a mayar da ragon ba, amma wannan wani zance ne.

Mai fentin ya dawo da gwangwaninsa ya tambaya ko ya bi farin rubutun da shuɗi, tunda ga shi a shimfiɗe, aikin minti talatin. Dalanda ta ce masa a'a. Ta shiga shagon kafintan tasha ta fito da ƙaramin kurfi da guduma ta katako. Ta janye tsanin, ta sa aka jera akwatuna biyu masu faɗi a bayan jirgin, ta ɗora kujera a kai, ta girgiza ta don ta tabbatar ba za ta motsa ba. Sannan ta je inda mahaifinta ke zaune ta miƙa masa kayan aikin.

"Kai ka cike. Kai za ka tone."

"'Yata, zuciyarsa," in ji Si Lutfi ƙasa-ƙasa.

"Likita teku ya hana shi. Nan tudu ne."

Si Shazli ya ba ni sandarsa. Muka riƙe shi ya hau. Ta kafa masa laima, ta ajiye masa gorar ruwa da ƙwayoyinsa a gefe, ta koma ta zauna a kan tulin igiya, ta ciro takardun jarrabawa da jan biro ta fara dubawa.

Abin da ya cike ramin da shi ya zama kamar dutse. Yana bugawa kaɗan-kaɗan, farin gari na zubo masa a gwiwa. Dal ya ci masa fiye da awa guda. Da na matsa zan taimaka, Dalanda ta ɗago ido ta dube ni, na koma mazaunina. La'asar ta yi, aka je aka yi salla aka dawo, yana kan lam. Da ya gama shi ya hure ƙurar, ya sa yatsa a cikin ramin ya bi shi daga sama har ƙasa. Katakon ciki sabo ne fil, rana ba ta taɓa ganinsa ba tun tana 'yar shekara uku.

Ya juyo a kan kujerar, gumi ya jiƙa masa riga.

"Dalanda."

"Na'am, Baba."

"Kin yafe min?"

Ta gama duba takardar da ke hannunta, ta rubuta maki, ta kife ta a kan sauran. Sannan ta tashi ta buɗe gorar ruwan ta miƙa masa, ta jira ya sha, ta karɓa ta rufe.

"Saura haruffa uku, Baba," ta ce.